Zuciya Tsakanin Mutunci da Girman Kai: Ma'anar Nafsu a Tarbiyyar Ruhi da Zaman Yau da Kullum

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi abin da malaman tarbiyya suke kira nafsu, Bahaushe kuma yake kira zuciya ko son rai, ta hanyar auna abin da littattafan sufanci suka faɗa da yadda ake zama a gida da unguwa da masallaci. Matsayinta shi ne, malamai ba su nemi a kashe zuciya ba, abin da suka yaƙa shi ne kwaɗayin samun wuri a zukatan mutane. Ta kuma nuna cewa wa'azin karya zuciya yakan sauka a kan masu rauni ya tsallake masu ƙarfi, alhali tun asali su aka nufa da shi. An dogara da rubuce-rubucen Imamu Gazali da na jagororin jihadin Sakkwato, tare da kaɗan daga binciken masana halayyar ɗan Adam.

Gabatarwa



Duk ɗalibin da ya ɗauki Ahalari a makarantar zaure, kafin ya isa babin tsarki sai ya ratsa ta jerin abubuwan da aka haramta wa baligi. A cikin jerin akwai ƙarya da giba da annamimanci, sannan girman kai, ujubu, riya, son a ji, hassada, da ganin kai ya fi wani. Mai littafin, Abdurrahman Al-Ahdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16, ya gabatar da cututtukan zuciya a kan hukuncin ruwa da alwala, kuma ba na jin ya yi haka ne da ka. Ibnu Ashir ma, wanda ya rasu a 1631, da babin sufanci ya rufe littafinsa na fiƙihu. Sai dai sau da yawa a karatunmu, farillan alwala da sunnoninta su ke cin makonni, jerin nan kuwa a zama ɗaya ake fassara shi a wuce. Sakamakon haka muna da mutane da yawa da suka san abin da ke warware alwala dalla-dalla, amma in ka tambaye su bambancin ujubu da girman kai sai su yi shiru.

Tambayar wannan takarda guda ce: mene ne ainihin abin da ake so mutum ya yaƙa a cikin kansa, kuma wa ya fi buƙatar wannan yaƙin?

Nafsu a wurin malaman tarbiyya

Alƙur'ani ya ambaci nafsu da siffofi uku da malaman sufanci suka gina karatunsu a kai: mai yawan umarni da mugun aiki a Suratu Yusuf, mai yawan zargin kanta a Suratul Ƙiyama, da natsattsiya a Suratul Fajri. Wasu ɗariƙu na baya, musamman Halwatiyya, sun faɗaɗa matakan zuwa bakwai. Abin lura shi ne, a duka ukun nafsu ɗaya ce. Ba a ce ta farko ta mutu aka kawo wata ba. Halinta ne ya sauya, ita kuwa tana nan.

Ƙissoshi uku ne aka fi kafa misali da su, kuma kowace da irin jarin da mai ita ya yi taƙama da shi. Iblis ya taƙama da asali, wuta a kan yumɓu. Fir'auna ya taƙama da mulki. Ƙaruna ya taƙama da dukiya, ya kuma jingina samunta ga iliminsa. Imamu Gazali, wanda ya rayu daga 1058 zuwa 1111, ya lissafa abubuwa bakwai da mutum ke girman kai da su a cikin Ihya'u Ulumid Din: ilimi, ibada, nasaba, kyau, dukiya, ƙarfi, da yawan mabiya. Ilimi da ibada ya sa a gaba, kuma su ya ce sun fi wuyar magani, domin mai kuɗi yana iya gane cewa kuɗi ba komai ba ne a wurin Allah, malami kuwa yana riƙe da hujja ta gaskiya cewa abin da ke hannunsa yana da daraja.

Kafin Gazali, Harisu Al-Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza a 857, ya rubuta Ar-Ri'aya, inda ya bi riya lungu-lungu: wadda ke shigowa kafin aiki, wadda ke faɗowa ana tsakiyarsa, da wadda ke zuwa bayan an gama, lokacin da mutum ya ji yana ƙaiƙayin ba da labari. Laƙabinsa ma daga yi wa kai hisabi ya samo shi.

Inda nake son mu tsaya shi ne bayanin Gazali a kan manufar horon. Ya yi raddi ga masu cewa mujahada tana nufin tumɓuke sha'awa da fushi daga tushe. A wurinsa, da sha'awar abinci ta mutu da mutum ya mutu, da fushi ya mutu da bai iya kare kansa da iyalinsa ba. Ya kamanta hankali da mafarauci a kan doki yana tafe da karensa: in dokin da karen sun horu farauta ta yi kyau, in ba su horu ba su jefa shi rami, amma ba wanda ke yanka dokinsa don ya huta da linzami. Ko masu maganar fana'i, wato gushewa daga kai, irin su Junaidu na Bagadaza da ya rasu a 910, sun haɗa ta da baƙa'i, wato komowa cikin mutane da hankali da shari'a. Haka tarbiyyar da Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha ya yaɗa, wadda ta yi ƙarfi a Kano, ba ta tsaya a gushewa daga kai ba, ana son muridi ya dawo ya ci gaba da sana'arsa da ibadarsa.

A taƙaice zan taɓa ɓangaren Turai, don kawai kada a cakuɗa. A littafin da Sigmund Freud ya fitar a 1923, abin da ya kira "ni" shi ne sashen da ke sasanta tsakanin buƙatun jiki, dokokin da mutum ya haɗiya daga iyaye da al'umma, da kuma zahirin duniya. Wannan ya fi kusa da abin da malamanmu suke kira hankali, ba nafsu mai umarni da mugun aiki ba. Littattafan gyaran kai na zamani da matasanmu ke karantawa, irin na Eckhart Tolle da Ryan Holiday, wannan kalmar suke amfani da ita amma da wata ma'ana, ta ji da kai da ƙishin yabo. Addinin Budda kuwa ya tafi nesa da duka, yana ganin dawwamammen "kai" ɗin ma babu shi. Musulunci bai je nan ba, tunda akwai hisabi, kuma ba a yi wa babu hisabi.

Malamai biyu da suka bar kujera

An naɗa Gazali babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1091. Ɗalibai kusan 300 ke zama gabansa, fadar halifa tana neman fatawarsa. A cikin Al-Munƙizu minad Dalal ya ba da labarin yadda ya binciki niyyarsa ta koyarwa, ya tarar ba don Allah tsantsa ba ce, son matsayi da yaɗuwar suna ne ke tura shi. Wata shida ya yi yana kai gwauro yana kai mari, yau ya ƙudura tafiya gobe ya warware, har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi, abinci ma ya ƙi shiga. A 1095 ya bar birnin, ya nuna Makka zai tafi alhali Sham ya nufa, don kada a hana shi. Bai koma koyarwa a makarantar hukuma ba sai 1106 a Naisaburi, kuma ya ce komawar ba irin ta da ba ce: da yana koyar da ilimin da ake samun matsayi da shi, yanzu yana kira zuwa ga ilimin da ake barin matsayi da shi.

Daga wannan ɗanɗano ne ya fito da ma'anar da nake ganin ta fi kowace amfani. Ya ce dukiya mallakar abubuwa ce, jahu kuwa, wato matsayi, mallakar zukatan mutane ne. Mai son matsayi yana son ya zama yana da gona a cikin ƙirjin kowa. Kuma matsayi ya fi dukiya daɗi ga rai, saboda ɓarawo ba ya sace shi, yana yaɗuwa da kansa daga baki zuwa baki, kuma da shi ana samun dukiya cikin sauƙi. Duk da haka bai haramta shi gaba ɗaya ba. Ya ce kamar yadda mutum ke buƙatar abin da zai ci, haka yake buƙatar ɗan matsayin da zai kare shi daga zalunci ya sa a saurare shi. Matsalar tana farawa ne sa'ad da ya nemi wurin da ƙarya, ko ya neme shi da ibada.

Na biyun namu ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo shi ya jagoranci rundunar jama'a a Tabkin Kwatto a 1804. Wajen 1807, tun kafin Alkalawa ta faɗi, ya ga abin da ya tayar masa da hankali a cikin 'yan uwansa mujahidai: son mulki, tara dukiya, da neman muƙami sun fara maye gurbin abin da aka fito dominsa. Ya ba da labarin wannan a Tazyinul Waraƙat. Ya bar rundunar da niyyar tafiya gabas, ya sauka Kano, mutanen Kano suka riƙe shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam ya karantar da tafsiri, daga baya ya koma. Abin da ya gani bai gan shi a fadar Gobir ba, a cikin sahun masu gyara ya gan shi, shekara uku kacal da fara gyaran.

Jarrabawarsa ta kansa ta zo bayan rasuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1817, lokacin da aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a. Abdullahi ƙanen Shehu ne, ya girmi Bello, yana cikin malamansa, kuma ba mai musun iliminsa. An samu sanyin dangantaka tsakaninsu na ɗan lokaci. Ruwayar da marubuta tarihi suka kawo ta ce, 'yan shekaru bayan haka Bello ya kawo wa baffansa ɗauki a yaƙin Kalambaina. Da suka haɗu, Bello ya yunƙura zai sauka daga doki don girmama baffa, Abdullahi ya yi masa nuni da ya zauna, shi ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Kowannensu yana da hujjar tsayawa a jira ɗayan, ɗaya da shekaru da ilimi, ɗaya da sarauta, kowannensu kuma ya riga ɗan uwansa ajiye tasa hujjar. Ban san wani babi a littafin tarbiyya da ya bayyana tawali'u fiye da wannan ba, kuma a lura, ba wanda mutuncinsa ya ragu a cikinsu.

Zuciya a bakin Bahaushe

Bahaushe bai taɓa yabon matacciyar zuciya ba. In aka ce wane zuciyarsa ta mutu, zagi ne: ƙato ne da lafiyarsa yana zaman kashe wando, yana jiran a ba shi. In aka ce yaro yana da zuciya, ko ya san ciwon kansa, yabo ne: ba ya roƙo, ba ya yarda a taka shi, yana da zuciyar nema. Shi kuma wannan Bahaushen ne ya ce girman kai rawanin tsiya, ya ce yabon kai jahilci, ya ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ba saɓani a nan. Ra'ayin Gazali ne a harshen kasuwa: a bar dokin da ransa, a riƙe linzami.

A laccar da Anthony Kirk-Greene ya yi a kan mutumin kirki, wadda Jami'ar Indiyana ta buga a 1974, ya lissafa siffofi goma da Hausawa ke auna mutum da su, cikinsu akwai haƙuri da kunya da ladabi da mutunci. Ukun farko suna danne kai, na huɗun yana tsare shi. Mutunci kuma hanya biyu ne, ka tsare naka ka tsare na wani, shi ya sa cin mutunci yake cikin manyan laifuka a zamantakewarmu. Wahalar ita ce, a waje mutunci da girman kai kamanninsu ɗaya. Dukansu suna hana mutum yawan magana, suna hana shi zama ko'ina, suna sa shi tsaftace tufafinsa. Mai girman kai kuma kusan kullum da sunan mutunci yake kare kansa: "Ni ba na son raini."

Hadisin Ibnu Mas'ud da ke cikin Sahihu Muslim ya ba da ma'auni. Wani ya tambaya ko son kyakkyawar riga da kyakkyawan takalmi yana cikin girman kai, aka nuna masa ba ya ciki, aka taƙaita girman kai a abu biyu: ƙin gaskiya da wulaƙanta mutane. Ke nan babbar riga da ɗinkin hannu ba hujja ba ce a kan mai ita, kamar yadda tsumma ba shaida ba ce ga mai shi. Abin dubawa shi ne yadda mutum ke yi in gyara ya zo masa daga bakin wanda yake gani ƙasa da shi, da yadda yake amsa gaisuwar wanda ba ya buƙatar komai a wurinsa.

Mu dubi zaman sulhu, irin wanda kowannenmu ya taɓa halarta. Wa da ƙane sun shekara ba sa ga maciji saboda rabon gado. Dattawa sun tara su a zaure bayan la'asar. An auna gonar, an raba, kowa ya yarda da kasonsa, maganar dukiya ta ƙare tun kafin shayi ya huce. Sai a zo wurin miƙa hannu. Wan ya kafe idonsa a tabarma yana jan carbi, yana jira, domin shi ne babba. Ƙanen ya juya fuska wajen ƙofa, domin shi aka zalunta. Wani dattijo ya ce, "Kai Malam, ai kai ne uba yanzu, babba juji ne." Wan ya ce, "Baba, ni ban riƙe shi da komai ba, amma ya zo ya same ni." Dukansu sun san hadisin da ya hana ƙaurace wa ɗan uwa fiye da kwana uku, ya kuma fifita wanda ya fara sallama. Ilimin yana nan. Abin da ake ja a kai yanzu ba gona ba ce, labarin da za a bayar gobe a majalisa ne: wa ya sauko? Wannan shi ne jahu a ƙaramin sikeli, gona a ƙirjin 'yan unguwa.

Binciken zamani ya zo da abin da ya dace da wannan. An daɗe ana zaton masu tashin hankali mutane ne da suka raina kansu. A 1996 Roy Baumeister da abokan aikinsa suka kawo hujjar cewa akasin haka ya fi yawa: mai kumburarren ra'ayi game da kansa, in aka taɓa ra'ayin, shi ke kai hari. A gwajin da Brad Bushman da Baumeister suka buga a 1998, an sa mutane rubuta ɗan sharhi, aka kushe na wasu aka yabi na wasu, sannan aka ba su damar sakar wa wanda ya duba aikin ƙara mai ciwo a kunne. Waɗanda suka fi tsananta ƙarar su ne masu ji da kai da aka kushe. Duk wanda ya taɓa jin "ka san ko ni wane ne?" a layin banki ko a shingen hanya ya san wannan tun kafin a auna shi.

Nafsu cikin rigar addini

Nan ne wurin da ya fi santsi, domin nafsun da aka kora ta ƙofar dukiya takan dawo ta ƙofar masallaci. Hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim ya nuna mutum uku da za a fara yi wa hukunci: wanda aka kashe a fagen fama, mai ilimi da karatun Alƙur'ani, da mai kyauta. Ba ɓarawo a cikinsu, ba mashayi. Laifin kowanne shi ne ya yi don a ce, kuma an ce.

A ɗauki taron ƙaddamar da asusun gina masallaci ko Islamiyya. An kafa rumfa, an jera kujerun alfarma a gaba, na roba a baya. Mai gabatarwa ya riƙe lasifika yana kiran suna da cikakken jerin laƙabi, Alhaji Dokta wane, sarautarsa kaza, ya ba da miliyan kaza, a yi kabbara. In ya manta laƙabi ɗaya, sai ka ga wani yaro ya taso daga bayan Alhaji ya raɗa masa a kunne, ya sake kiran sunan daga farko. Can baya wata tsohuwa ta kwance bakin zaninta ta ba yaro abin da ke ciki ya kai, ba a kira sunanta ba don ba wanda ya tambaya. Ba na cewa a daina sanarwa. Aya ta 271 a Suratul Baƙara ta yabi sadakar bayyane, ta kuma ce ɓoyewa ta fi, kuma masu shirya taro sun san gasa tana ƙara yawan abin da ake tarawa. Ba kuma aikina ba ne in shiga zuciyar Alhaji. Amma tsarin taron da kansa an gina shi ne a kan cinikin da Gazali ya bayyana, a ba da dukiya a karɓi matsayi, kuma ya kamata mu iya faɗin haka ba tare da an ce muna hana alheri ba. M. G. Smith ya nuna tun 1957, a nazarinsa na roƙo a ƙasar Zazzau, cewa maroƙi ma'aikacin tabbatar da matsayi ne a bainar jama'a. Aikin bai mutu ba, lasifika kawai ya samu, yanzu kuma ya samu Facebook da TikTok, inda mutum ke iya zama maroƙin kansa.

Sufaye sun san wannan tarko, har wasu suka wuce gona da iri wajen guje masa. Malamatiyya na Naisaburi a ƙarni na 9, waɗanda ake danganta su da Hamdunul Ƙassar, sun ɓoye ibadarsu, sun ƙi sa tufafin da zai nuna su masu zuhudu ne, sun zauna a kasuwa kamar kowa. Daga baya aka samu masu aikata abin zargi da gangan don a raina su, wanda shi ma wata hanya ce ta shagala da idon mutane. Wanda ke ƙoƙarin a gan shi da wanda ke ƙoƙarin a ga ba ya son a gan shi, dukansu mutane suke kallo.

Ko a wajen Musulunci an lura da haka. A 2018 Jochen Gebauer da abokan aikinsa suka buga binciken da suka yi a Jamus kan masu yoga da masu zaman tunani, ayyukan da ake cewa suna kwantar da ji da kai. Sun tarar bayan zaman, mahalarta sun fi ganin kansu sama da sauran 'yan ajinsu. Bincike ɗaya ba ya yanke hukunci, amma Muhasibi ba zai yi mamakin sakamakon ba.

A nan gida, tun kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, muhawara tsakaninta da ɗariƙu ta ɗauki shekaru, kuma akwai mas'alolin ilimi na gaske a cikinta waɗanda ba wannan takarda ce za ta warware su ba. Abin da ya shafe mu shi ne na bakwai a lissafin Gazali, yawan mabiya. Mutum yana iya ƙasƙantar da kansa ƙwarai, ya ce shi ba kowa ba ne, almajiri ne kawai, sannan ya kwashe duk girman kan da ya cire daga "ni" ya zuba shi a "mu": malaminmu, ƙungiyarmu, zawiyyarmu. Wannan ya fi wuyar ganewa domin mai shi yana jin kishin addini yake yi. Alamarsa ita ce ta hadisin nan dai: in gaskiya ta fito daga bakin ɗaya ɓangaren, tana karɓuwa?

Wa ake yi wa wa'azin?

Idan aka duba waɗanda Gazali ya rubuta wa babin girman kai da na jahu, malamai ne, da masu ibada, da masu nasaba, da masu mabiya. Idan kuma aka saurari inda kalmomin "ki yi haƙuri", "ka karya zuciyarka", "kada ka ɗauki kanka wani abu" suka fi sauka a yau, za a tarar matar aure ce da ta kawo ƙara, da yaron shago da aka hana haƙƙinsa, da ɗalibin da ya yi tambaya, da ƙaramin ma'aikacin da ya nuna kuskuren na gaba da shi. Matar da ta zo gidan iyayenta da kumburarren ido ana ce mata zuciya ce ke ɗibarta. Wanda ya kumbura idon, sau da yawa ba a ce masa komai game da tasa zuciyar, sai dai a roƙe shi ya zo biko. An ɗauki maganin da aka haɗa don mai kumburi ana ɗura wa mai rama.

Malamai ba su bar wannan gefe ba bayani ba. Gazali da kansa ya ce tawali'u tsakiya ne, sama da shi girman kai, ƙasa da shi ƙasƙanci, kuma bai halatta mumini ya wulaƙanta kansa ba. Misalin da ya bayar na malamin da ya tashi ya bar wa baduku wurin zamansa har ya gyara masa takalmi, wanda ya kira ƙasƙanci, yana ɗauke da ƙamshin bambancin aji na zamaninsa, kuma ni ban gamsu da shi ba. Ƙa'idar dai tana nan: akwai sunkuyawar da ba ibada ba ce.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fi fitowa fili. A Nurul Albab ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci alhali suna karantar da ɗalibai safe da yamma, ya kuma ce wannan karantarwar riya ce da neman suna, tunda wajibin da ke cikin gida aka tsallake aka tafi inda ake gani. Sannan ya juya ga matan, ya gargaɗe su kada su saurari masu umartarsu da biyayyar miji ba tare da umartarsu da biyayyar Allah da Manzonsa ba, ya ce masu yin haka buƙatar kansu suke nema. A wuri ɗaya ya gano nafsu a cikin rawanin malami, ya kuma hana a yi amfani da sunan biyayya a kashe zuciyar mai rauni. Cewa 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta zama malama mai rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'yan taru da jagororinsu da ake kira jaji don karantar da matan karkara, ya nuna maganar ba ta tsaya a takarda ba.

Saboda haka nake ganin malamin da aka kawo wa ƙara, ko dattijon da ke sulhu, ko mai ba da shawara a asibiti ko makaranta, aikinsa na farko shi ne ya gane wane ne a gabansa. Akwai wanda maganinsa a ce masa sauko, ka fara sallama, ka karɓi gyara daga ƙaninka. Akwai kuma wanda an riga an sauke shi har ƙasa, maganinsa a ce masa kana da haƙƙi, nemansa ba girman kai ba ne. Littattafan da muke karantarwa sun yi wa na farko babi-babi, na biyun kuwa sai an tsinto maganarsa a warwatse cikin babin fushi da na tawali'u da na hani da mummuna. Tattara waɗannan wuri ɗaya, da bin wa'azin Hausa na rediyo da na kaset don a ƙirga wa ake cewa ya yi haƙuri kuma a kan me, aiki ne da ke jiran ɗaliban sashen Hausa da na nazarin addinin Musulunci.